Ƙwallon Dabino na Talatin da Ɗaya

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. Masu lissafi sun ce sai bayan shekara talatin da 'yan kai yake zagayowa haka. Ni ban bi ta kan lissafin ba, jikina ne ya fara gaya mini. Tun uku ga wata na ji irin bushewar nan da na sani, wadda ba a leɓe take tsayawa ba, sai ta gangara har ƙirji.

Shekaranjiya da la'asar ina kishingiɗe a zaure, na jiƙa rawani na ɗora a ka, sai ga jikata Hadiza ta shigo da littafinta na lakwal, wato makarantar boko, fuska a murtuke. An ba su lissafi: mota ta tashi ƙarfe takwas, ta isa ƙarfe sha ɗaya, awa nawa ta yi a hanya? Ta rubuta huɗu, mushensu, wato malaminsu, ya ja mata jan layi.

"Tsoho, kai da aka ce ka yi shekaru kana mushe, duba mini," ta ce. "Takwas, tara, goma, sha ɗaya. Ba huɗu ba ke nan? Ko shi mushen namu azumi ne ya taɓa shi?"

Na dubi littafin. Wannan huɗun na san ta. Ita ce ta kusa raba ni da mahaifiyata.

A lokacin ina da shekara ashirin da ɗaya ko da biyu, ba ni da tabbas, don ba a rubuta haihuwata ba. Na dawo ke nan daga makarantar horon malamai, can yamma mai nisa, da takardar shaida a cikin akwati. Nasara ba su daɗe da zama daram a Damagaram ba, gwamna ma a nan Zinder yake zaune. Lakwal ɗakuna uku ce na ƙasa kusa da bariki, wajen ganuwar Birni. Aka ba ni ajin ƙanana, yara talatin da wani abu, galibinsu ba da son iyayensu aka kawo su ba. Shekarar gwaji ce gare ni. In sufeton makarantu ya zo ya gamsu, a tabbatar da ni a wurina. In bai gamsu ba, a yi da ni yadda aka ga dama.

Direktanmu Bafaranshe ne dogo, mutanen gari suna ce masa Mai Lofe, don ba a ganinsa ba lofen taba a baki. Ana saura kwana biyu a ɗauki azumi ya kira ni ofishinsa, inda agogon bango guda ɗaya na duk makarantar yake rataye. Ya ce sufeto zai zo kafin wata ya ƙare, kuma abin da ya fi damunsa shi ne lissafin lokaci, don ofisoshi da gidan waya suna bukatar yaran da suka san awa da minti. Bai ce zai tura ni ko'ina ba, wannan zan yi masa adalci. Ya dai ce ana neman mushe a N'Gigmi, can bakin tafkin Chadi, sannan ya ɗaga kai ya dubi agogo.

N'Gigmi tafiyar makonni ce a kan raƙumi. Mahaifiyata, Ya Fanna, asalin gidansu Barno ne, amma a Birni aka haife ta, kuma ba ta taɓa kwana wajen Damagaram ba. Yanar ido ta rufe mata gani, sai haske da duhu take rarrabewa, gwiwoyinta kuma ba sa kai ta ko ƙofar gari. Yayata tana aure a Gure. Mahaifina ya rasu ina can karatu, sai bayan wata biyu labari ya same ni. Na yi wa kaina alkawari ba za a sake yi mini haka ba. Tafiya da ita ba ta yiwuwa, barin ta kuma ban san yadda ake yin sa ba.

Daminar da ta wuce ta yi rowa, gero bai cika rumbu ba, ga shi bazara ta shigo da ƙarfinta. Zafin Damagaram ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Duwatsun nan da suka kewaye Birni sukan sha rana tun hantsi, in la'asar ta yi su fara amayar da ita, har bango ya gagari jingina. Rairayin lungu ya zama kamar toka mai zafi, jaki ma sai ya riƙa ɗaga ƙafa. Kududdufan da ake ɗibar ƙasar gini suka bushe suka tsattsage. Rijiyar unguwarmu ta ja baya har aka ƙara wa igiya tsawo sau biyu, guga ya sauka ya daɗe, ya fito rabi ruwa rabi laka. Wata Lahadi maza suka yi gayyar yashe ta. Ni ba a bar ni na shiga ciki ba, kwando aka ba ni ina kwashe laka, ana ce mini, "Mushe, a hankali, kada hannun alli ya yi kanta."

Ga yadda yini yake tafiya. Da an sallame asuba mata su jera tuluna a bakin rijiya, kowace ta san bayan wadda take. Maƙwabciyarmu, matar wani baduku, ita ke kawo mana tulu ɗaya kullum, Ya Fanna kuma ta yi mata kaɗi, don hannunta bai manta mazari ba ko da ido ya tafi. Ruwan sai an bar shi ya kwanta. Na sama na kunu ne da alwala, na tsakiya na wanke ƙwarya, abin da ya rage a ba akuya. Itace ya yi tsada, saboda haka gidaje huɗu na lungunmu suka haɗa wuta ɗaya. Bayan azahar matan su taru a tsakar gidanmu, su jiƙa tsamiya, su daka gero a turmi ɗaya, a dama kunu a babbar tukunya, kowane gida ya aiko yaro da ƙwarya. Kunun tsararo ne, kana iya hango gindin ludayi. Dabino kuwa ɗaya ɗaya ne kowane baki, busasshe irin na Bilma, sai an tsotsa an daɗe kafin ya saki. Ban tuna na ƙoshi ko sau ɗaya a watan nan ba, ko da yake ina jin fargaba ma ta ci nata rabon.

A aji kuwa abin ya ƙi. Littafin da aka ba mu cike yake da jiragen ƙasa da ke tashi daga garuruwan da ni ma a taswira kawai na san su. Na mai da jirgin doki, na mai da garuruwan Mirya da Zinder. Yaran ba su taɓa riƙe agogo ba. Lokacinsu shi ne hantsi, walaha, azahar, la'asar, sai kuma ƙarfen da gardi, wato dogarin Nasara, yake bugawa a bariki. Na samo faifai, na liƙa masa lambobi, na soke kara biyu a tsakiya, ya zama agogonmu. Cikin mako guda sun iya karanta shi, na yi murna. Sai muka zo kan tambayar: mahayi ya tashi ƙarfe takwas, ya iso ƙarfe sha ɗaya.

"Huɗu!"

Duk ajin, baki ɗaya. Suna taɓa lambobin da yatsa kamar mai ƙirga awaki a garke: ga takwas, ga tara, ga goma, ga sha ɗaya. Na koya musu ɗebewa, sha ɗaya a cire takwas. Suka yi a kan allo, ya ba su uku, suka dube ni da tausayi, kamar allon ne ya yi kuskure. In an sa rabin awa a ciki kuwa, sai abin ya watse gaba ɗaya.

Dokar lakwal biyu ce da ba a wasa da su. Ba a Hausa a aji, wanda ya yi a rataya masa ɗan katako a wuya har ya kama wani. Addini kuma a bar shi a gida. Saboda haka da faransanci nake ta bayani, yaran da suka ɗauki azumi leɓunansu sun yi fari, idanu sun faɗa. Akwai Habu, ɗan badukun nan maƙwabcinmu, shekararsa kamar goma, mai kai ne amma mai gardama. Ranar goma ga wata haƙurinsa ya ƙare, ya miƙe ya yi magana da Hausa tsantsa.

"Wallahi Mushe huɗu ne, ko a gaban alƙali. Ga su nan, ƙirga da kanka!"

Na buge shi a hannu da sandar jan layi, sau biyu, ina azumi yana azumi. Bai yi kuka ba. Har yau in na tuna sai na ji nauyin abin, don yaron ba rashin kunya ya yi ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa.

Kwana biyu bayan haka na dawo da yamma na zauna a gindin bango a tsakar gida, ban ko cire takalmi ba. Ana dama kunu, yaran lungu sun taru da ƙorensu. Ya Fanna tana kan tabarmarta, a gefenta an jera 'yan ƙoƙuna, kowane yaro da nasa. Ita ce alƙaliyar azumin yaran unguwa tun ina ƙarami, ni ma na yi ƙoƙona a jerin nan. Wanda ya kai azumi ya kawo ƙwallon dabinon da ya buɗe baki da shi, ta jefa masa. Na ga wannan abu sau ba adadi, ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Habu ya durƙusa gabanta. "Ya Fanna, ƙirga mini. Sha biyu gare ni."

Ta zuba ƙwallayen a tafin hannu, ta bi su da yatsa. "Sha ɗaya."

"Har da na yau fa."

"Na yau? Ka sha ruwa ne?"

"Saura ƙiris. Ga inuwa har ta wuce turmi."

"Ta wuce turmi ta hau katanga in ta ga dama. Ni ban ji ladan ba. Azumin da ba a sha ruwansa ba, ba ya shiga ƙoƙona."

"Ɓarawon azumi!" in ji Tanimu. Shi ma ɗan ajina ne, ɗan wani Bakano mai sayar da yadi a kasuwa, shekararsa bakwai, siriri kamar tsinke. Yara suka ɗauka, ɓarawon azumi, ɓarawon azumi.

"Kai rufe mana baki," in ji Habu, "mai azumin rabi-rabi, wanda ake yi wa ɗinki kamar tsohon wando."

"Zo nan, Tanimu," Ya Fanna ta ce. "Yau ina ka kai?"

"Azahar."

"Azahar ta gaskiya, ko ta bayan randa?"

"Ta gaskiya, Ya Fanna. Tambayi innata."

Ta lalubo ƙwallon tsamiya daga tarin da masu kunu suka zubar, ta jefa masa. Rabin yini ƙwallon tsamiya ne. Ta taɓa cikin ƙoƙon ta ji akwai na jiya. "To, sun zama biyu. Kawo in ɗinke maka." Ta kwashe tsamiyar biyu, ta jefa ƙwallon dabino ɗaya a madadinsu.

"Ɗinkin nan dai ran lahira zai farke," in ji Habu.

"Ɗinkina bai taɓa farkewa ba, ɗan baduku. Je ka tambayi ubanka wa ya fara sa masa zare a allura."

Aka yi dariya, har matan da ke bakin tukunya. Ni ban yi ba. Na kira Habu, ya zo yana ɓoye hannun da na buga.

"Ranar ɗaya ga wata, da hantsi, bayan ka yi sahur, azumi nawa ke cikin ƙoƙonka?"

Ya dube ni kamar na zautu. "Babu mana, Mushe. Ai ɗauka kawai na yi."

Ba zan ce wani haske ya sauko mini nan take ba. Abin da na ji tsoro ne. Na ga hanyar, na kuma ga ta bi ta kan dokokin nan biyu duka. Na kwana biyu ina juya ta. Har na tambayi Ya Fanna ko babu laifi a kwatanta azumi da tafiyar doki.

"Auta, ƙwallon dabino ne fa, ba Alƙur'ani ba," ta ce. "In dai ba cinye mini su za su yi ba, ɗiba."

Ranar Alhamis ba a lakwal. Na ce duk yaron da ke Birni ya zo zaurenmu da hantsi, ya taho da ƙwallayensa. Wajen ashirin suka zo. Na jingina faifai a bango, na yi musu magana da Hausa, karo na farko tun da na fara koyar da su. Wasu har suka sunkuyar da kai don kunya.

"Mahayin nan ya tashi ƙarfe takwas. Ƙarfe takwas sahur ne. Ya ɗauki awa, bai kai ta ba tukuna. Me ke cikin ƙoƙonsa?"

"Babu."

"Yaushe zai sha ruwa?"

Na matsar da karan a hankali. Tanimu ne ya ce, "Ƙarfe tara?"

"Jefa masa."

Ƙwallo ya faɗa ƙoƙo, ƙwas. Ƙarfe goma, an sha ruwa, ƙwas. Sha ɗaya, ƙwas. Na ce Habu ya zo ya ƙirga. Ya zuba su a hannu, ya daɗe yana kallo.

"Uku ne," ya ce. Sannan ya ƙara, "Ashe mahayin ma ɓarawon azumi muka mai da shi."

Rabin awa ba ta ba mu wuya ba, don duk sun san ɗinkin Ya Fanna. Wanda ya tashi takwas da rabi, kafin tara tsamiya gare shi. In ya sauka da wani rabin a ƙarshe, tsamiya biyu, a ɗinke. Ba duka suka gane a ranar ba. Akwai shida ko bakwai da har ƙarshen shekara ban tabbata sun gane ba, wataƙila kuma laifina ne. Amma sauran sun kama, muka sake haɗuwa Lahadi da Alhamis ta gaba.

A aji na ce musu ƙwallaye su zauna cikin aljihu, a ƙirga da yatsa daga ciki, baki kuma a rufe. Sau biyu na je ƙofar ofishin Mai Lofe don in gaya masa abin da nake yi, sau biyu ina jin ƙarar agogon nan na juyo. In ya ji na tara yaran lakwal a gida, da Hausa, da zancen sahur da shan ruwa, ina ganin ba sai an jira sufeto ba.

Sufeto ya zo ranar ashirin da huɗu ga wata, in ban manta ba. Gajere ne, wuyansa ja wur, idanunsa sun yi rawaya irin na wanda zazzaɓi bai daɗe da saki ba. Iska ba ta motsi ko kaɗan a ranar. Ya zauna a teburina, Mai Lofe yana tsaye bayansa, gardi a bakin ƙofa. Ya buɗe gora ya sha ruwa, duk ajin muna jin saukarsa a maƙogwaronsa, ba wanda ya ɗaga ido. Aka yi karatu, aka yi rubutu, ba yabo ba fallasa. Sannan ya zaro agogo mai sarƙa daga aljihu ya ajiye a tebur, ya nuna Habu.

"Na tashi daga Takieta ƙarfe bakwai, na iso nan ƙarfe goma. Awa nawa motata ta yi?"

Habu ya fito gaban faifai, ya sa hannu a aljihu. Ko rawar jiki ce ta hana shi ƙirgawa daga ciki, ko gardamarsa ce ta motsa, ban sani ba. Sai ya fito da ƙwallayen fili, ya fara ajiye su a kan teburin, dab da agogon sufeto. Ɗaya. Biyu. Leɓunansa suna motsi. A na ukun murya ta kuɓuce masa.

"An sha ruwa."

Sannan da faransanci, da ƙarfi: "Awa uku, Mushe Sufeto."

Mai Lofe ya cire lofe daga baki. Ban taɓa ganin ya yi haka a aji ba.

Sufeto ya juyo gare ni. "Mene ne waɗannan? Me ya ce?"

Ƙarya tana nan kusa, in ce duwatsun ƙirga ne kawai. Ina so in ce tsoron Allah ne ya hana ni, ina kuma fatan haka ne. Amma gardin da ke bakin ƙofa Bahaushe ne, ya ji abin da yaron ya faɗa. Sai na faɗi komai: yadda yara suke ƙirga azumi, yadda ba a lissafa wanda ba a kai ba, tsamiya da ɗinki, har da zauren gidanmu da Hausar da na yi. Ina magana ina ganin raƙumi da hanyar gabas.

"A makarantar horo aka koya maka wannan?"

"A'a, Mushe Sufeto. Mahaifiyata ce."

"Ta yi lakwal?"

"Ba ta yi ba. Ba ta ma gani sosai."

Bai yi dariya ba. Ya bi ajin da kallo har ya tsaya kan wanda ya fi kowa ƙanƙanta. Tanimu.

"Zan bar nan goma da rabi, in isa masauki biyu da rabi na rana. Awa nawa?"

Tsallake sha biyu sau ɗaya tak muka taɓa yi, shi ma a gurguje. Tanimu ya fito. Ya sa kara tsakanin goma da sha ɗaya, ya matsa zuwa sha ɗaya, ya ajiye tsamiya. Sha biyu, dabino. Nan ya tsaya. Ba zan iya cewa tsawon tsayuwar nan ba, ko da yake ga agogo a gabana. Sai ya tura karan zuwa ɗaya, ya ajiye dabino. Biyu, dabino. Rabin ƙarshe, tsamiya. Ya ɗauki tsamiyar biyu a hannu, ya laluba aljihu, ya sake lalubawa. Ƙwallon dabinonsa ya ƙare. Ba shi da na ɗinki. Ya dube ni, ido ya kawo ruwa, ni kuwa ba halin in motsa.

Na Habu uku suna nan a gefen agogo. Sufeto ya sa yatsa ɗaya, ya turo masa guda.

Tanimu ya ajiye tsamiyar, ya jera dabinon. "Awa huɗu, Mushe Sufeto."

Ya ƙara tambayar yara shida, huɗu suka ci, ɗaya ya faɗi, ɗaya ya fashe da kuka tun kafin a gama tambayar. Bayan an tashi aka kira ni ofis. Mai Lofe ya yi mini faɗa mai tsawo, kuma wani sashensa ina ganin da gaskiyarsa, don ya kamata in gaya masa. Sufeto yana ta rubutu. Da ya gama ya ce, ba tare da ya ɗago ba, ƙwallayen su zauna, Hausa da azumi su tsaya a bakin ƙofa. Sannan ya ce wa direkta, "Ban ga dalilin ɗaga shi ba. Takarda za ta biyo baya."

Ban san yadda na ratsa rairayin nan zuwa Birni ba. Na shiga gida ana tsakiyar dama kunu.

"Ya! An bar ni! Ba za ni N'Gigmi ba!"

"Wa ya ce?"

"Sufeto da bakinsa."

"Takardar ta zo?"

"Tana tafe."

"To ba a sha ruwa ba tukuna, Auta. Zauna ka huce, kana haki kamar wanda kare ya koro."

Matan suka yi dariya. Daga baya uwar Habu ta ja ni gefe, ta nuna mini ƙarƙashin gadon Ya Fanna. Wani ƙulli ne a cikin zane: tufafinta, tasbaha, tsohon mazarinta da ta fi so, da farin ƙyalle wanda ban bukaci a gaya mini na mene ne ba. Tun farkon wata ta sa aka ɗaure mata. Ta yanke shawara in an tura ni za ta hau raƙumin, inda ya sauke ta nan ne.

Azumi ya cika talatin a shekarar. Aka yi salla, yara suka zubar da ƙwallayensu, ita ba ta zubar da nata ba, ƙullin kuma yana nan. Zafi bai sassauta ba sai wajen mako uku bayan salla. Ranar nan da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe danni, sannan aka ji ƙamshin ƙasa tun kafin ɗigon farko. Duk wani abu mai baki muka fitar tsakar gida, tulu, ƙwarya, kasko, har turmi. Na tsaya cikin ruwan da rigar aikina. Bayan kwana biyu takarda ta zo. Na karanta mata da faransanci don ta ji nauyinta, sannan na mayar da Hausa. Ta ce in sake karanta wurin da aka ambaci Zinder. Na sake.

"Akwai sauran dabino?"

Guda biyu suka rage a tulun ajiya. Ta ɗauki ɗaya, ta tsotsa ba gaggawa har ya saki. Ta jawo ƙoƙonta, ta jefa ƙwallon a kan talatin ɗin nan. Ƙwas.

"To, kwance mini ƙullin nan. Mazarina nake so."

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Ina gefenta ranar da ta cika, ni na shiga kabarinta na karɓe ta.

Yanzu an ja famfo har bakin unguwa, ko da yake yakan yi kwanaki bai kawo ba. Agogo kuwa har a hannun mai sayar da goro. Dabino ana ci biyar biyar, ba mai ajiye ƙwallonsa. Ƙoƙon Ya Fanna ya fashe tuntuni, ƙwallayen ban san inda suka shiga ba, na so a ce na adana su. Habu yana aikin gidan waya. Tanimu ya bi mahaifinsa Kano, ban sake jin labarinsa ba.

Hadiza tana nan tsaye da littafinta, ta ƙosa.

"Tsoho, ko barci ka yi?"

"Azumi nawa gare ki bana?"

"Sha huɗu, har da na yau."

"Kin sha ruwa ne?"

Ta girgiza kai. Na ce ta shiga wurin uwarta ta samo mini ƙwallon dabino ko nawa ne, da faifai. Ba a samu ƙwallo ba, an share an zubar, sai da tsakuwa muka yi. Ta ajiye ta farko a kan tara, ta biyu a kan goma. Ta riƙe ta ukun ta daɗe kafin ta sauke.

"Uku ne," ta ce a hankali. "Amma kada ka gaya wa mushenmu kai ka koya mini."

"Ba ni ba ne," na ce.

Ba ta tambayi ko wane ne ba, don ladan ya ɗaga murya, ta kwasa a guje ta bar mini littafin. Na ci dabinona. Ƙwallon yana cikin aljihuna har yanzu.